Wane suna za mu kira CCTV da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a. Mu da muke sana'ar ɗaura kyamarori a Jidda da Makka muna da wata matsala da ba ta waya ko ta kayan aiki ba, ta suna ce. Balarabe ya ce kamiratul muraƙaba, ɗan Pakistan ya ce CCTV, kowa ya gane ɗan'uwansa. Mu kuwa Hausawa duk abin da ya zo bakin mutum shi yake faɗa: wani kyamarar sirri, wani kyamarar tsaro, wani na'urar ɗaukar hoto, 'yan'uwanmu haifaffun nan kuma kamira kawai. Ina so mu tsaya a kan suna ɗaya, domin yawancin harisai (masu kula da gine-gine) da masu gadin da muke koya wa amfani da abin nan Hausawa ne, kuma na lura sunan da aka kira shi da shi yana canza yadda mutane suke saye da yadda suke tsarawa.

Kyamarar sirri dai mu ajiye ta tun yanzu. Ba sirri a cikin aikin nan. Dokar kyamarorin tsaro da Saudiyya ta fitar a 2022 ta wajabta wa wuraren da ta shafa, irin su otal-otal da bankuna da asibitoci da makarantu da manyan shaguna, su kafa allo a fili mai sanar da cewa akwai kyamara a wurin. Ta hana a sa ta a banɗaki da ɗakin canza kaya da ɗakin duba marasa lafiya da wuraren gyaran jikin mata. Wanda ya yaɗa hoton da aka naɗa ba da izinin hukuma ba, tarar riyal 20,000 ce a kansa. To abin da doka ta ce a yi shelarsa, ta yaya za mu kira shi na sirri? Kuma sunan yana ɓarna. Mai shago in ya ji sirri sai ya ce a ɓoye masa ita bayan kwali, alhali rabin amfaninta shi ne mai mugun nufi ya ɗaga kai ya gan ta ya fasa. Ma'aikata kuma su ɗauka leƙen asirinsu ake yi, abin da aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana ƙarara.

Fassara haruffan Turancin na CCTV ɗaya bayan ɗaya ma ba za ta kai mu ko'ina ba. Ma'anarsu talabijin ne wanda hotonsa ba ya fita iska, yana tsayawa tsakanin kyamara da allon mai ita. Yau kuwa mai gida yana Kano yana kallon ƙofar shagonsa na Jidda a wayarsa. Sunan ya tsufa ko a wurin masu shi.

Wani dattijo haifaffen Shari' Mansur da ke Makka ya rubuto cewa mu ari muraƙaba kawai, tunda Hausa ta saba aro daga Larabci, kuma a nan kowa ya san ta. Baba, Allah ya ƙara girma, hujjarka mai ƙarfi ce, kuma a bakin aiki ni ma ita nake faɗa wa Larabawa. Abin da ya hana ni shi ne gida. A Kano ko Zariya ko Damagaram, wanda ya san kalmar a zauren malamai ya san ta, da ma'anar bawa ya ji a zuciyarsa cewa Allah yana ganinsa. Ba na so mu ɗauko kalma mai wannan nauyi mu liƙa wa kayan lantarki. Wanda bai san ta ba kuma sai an sake yi masa fassara, an koma gidan jiya.

Kyamarar tsaro ita ce ta fi ƙarfi, ita ake yawan ji a labarai, kuma ba zan ce kuskure ba ce. Amma ina da abu biyu a kanta.

Na farko, tana alkawarin abin da kyamara ba ta yi. Ba ta tare ƙofa, ba ta riƙe hannun ɓarawo. Gani take yi ta ajiye. Na san mai sito da ya ji kalmar tsaro ya fara tunanin sallamar mai gadinsa na dare, har sai da aka tambaye shi: in ta ga mutum yana haura katanga da ƙarfe uku na dare, wa zai tashi?

Na biyu, wanda ya fi damuna, tana ambaton gaɓa ɗaya ce ta bar sauran jiki. Mutum zai zo ya ce, "Malam, kyamara takwas nake so, nawa?" Ya riga ya yanke adadi bai zagaya wurin ba, bai san me yake son gani ba, kuma bai ware ko riyal ɗaya don abin da zai ajiye hoton ba. Ga yadda aikin yake a zahiri. Ka ɗauki sito irin na Khumra a kudancin Jidda, mai babbar ƙofar motoci da ƙaramar ƙofar ma'aikata da fili a tsakiya. Kafin a taɓa kwali sai an taka wurin da ƙafa, a kowace kusurwa a yi tambaya: nan motsi kawai ake son gani, ko fuska ake son ganewa, ko lambar mota ake son karantawa? Amsar ita ke zaɓar gilashin idon kyamara. Mai milimita 2.8 yana ɗaukar fili mai faɗi, amma mutumin da ke can nesa ɗan ɗigo ne a cikinsa. Mai milimita 6 ko 12 yana ƙuntata wuri ya jawo fuska kusa. Kyamarar ƙofar ma'aikata in ka kai ta can saman gini don gudun a fasa, ƙoƙon kai da hula za ta yi ta naɗa maka. Wajen mita 2.5 zuwa 3 ne take samun fuska. In kuma tana ciki tana fuskantar ƙofa, ranar Jidda tana bayan mai shigowa, baƙar inuwa za ka gani sai dai in irin mai daidaita haske ce. Ta waje kuwa dole ta jure ƙura da zafi da danshin teku, kuma a riƙa goge mata fuska, in ba haka ba hasken da take gani da shi da dare ya dawo mata daga ƙurar, hoton ya yi fari fat.

Sai waya. Wayar intanet da ke kai wa kyamara wuta da hoto a lokaci ɗaya iyakarta mita 100, in katanga ta fi haka sai an nemi dabara tun a kan takarda. Sai lissafin ajiya, wanda kusan kowa yake tsallakewa. Kyamara ɗaya mai aika megabit 4 a daƙiƙa, in tana naɗa dare da rana, tana cin wajen gigabait 43 a yini. Guda takwas a kwana 30 sun haura terabait 10. Mutum ya sa na terabait 2, kafin mako ya cika sabon hoto ya hau kan tsoho. Ranar da aka gano kaya sun ɓace tun makonni biyu baya, a zo a duba, babu komai. Kyamarorin lafiyarsu ƙalau, wurin ajiya ne aka yi wa rowa. Ga kuma batirin da zai riƙe komai in wuta ta ɗauke, ga wurin da za a kulle akwatin da ke ajiye hoton, don wanda ya san abin da yake yi shi yake fara ɗaukewa. Duk wannan ba ya cikin kalmar kyamara.

Don haka ga abin da nake kawowa: gaba ɗayan abin mu kira shi na'urar sa ido. Kowace ɗaya a jikin bango kyamarar sa ido ce, da yawa kyamarorin sa ido. Sa ido shi ne ainihin aikin, babu ƙari babu ragi, kuma Bahaushe ko na ina ne ba ya bukatar a yi masa bayani.

Wata Hajiya daga Madina ta kawo suka mai ma'ana: ai ɗan sa ido a Hausa ba yabo ba ne, shi ne mai bin diddigin abin da babu ruwansa. Gaskiya ne Hajiya, kuma na daɗe ina juya wannan. Amma kalmar tana da ɗaya fuskar da ta riga ta zauna: masu sa ido a zaɓe, kwamitin sa ido, uwa ta ce wa babbar 'yarta ki sa ido a kan ƙaninki. Babu wanda yake jin zagi a nan. Wancan ɗan ɗacin da ya rage ma ina son sa, domin yana tuna wa mai ɗaurawa cewa akwai iyaka. Kyamarar da ta bar ƙofarka ta leƙa tagar maƙwabci ko tsakar gidansa, ta koma ɗan sa ido na gaske, kuma mai sana'ar kirki zai juya ta ko ya rufe wannan yanki a cikin saiti ko da mai gida bai ce ba.

Sauran sassan ba su ba ni wahala sosai ba. Abin da ake kira DVR ko NVR, akwatin naɗi, tunda dama muna cewa naɗar murya. Faifan da ke cikinsa, rumbu, kuma sunan yana koyar da kansa: rumbu yana cika, ana auna shi da yawan abin da za a zuba da tsawon lokacin da ake so ya kai. Abin da ake kira shasha da Larabci a nan, allon kallo. Wurin da kyamara ba ta gani kuwa, wani yaro da yake koyon aiki a wurina ne ya raɗa masa suna ba da niyya ba. Yana kan tsani ya ce, "Yallaɓai, wannan lungun yana ƙeyarta." Tun daga nan muke cewa ƙeya, kuma ƙa'idar tsarawa ta zama mai sauƙin faɗa: kowace kyamara a samu wata da ke kallon ƙeyarta.

Ku gwada jimlar ku ji ko ta zauna a baki: "Na'urar sa ido ta siton nan kyamara takwas ce, akwatin naɗi yana ofis a kulle, rumbun yana riƙe kwana 30, babu ƙeya sai ta bayan tanki." Haris da ya zo daga Katsina jiya zai gane, mai gida ma zai gane abin da ya biya kuɗinsa.

Abu ɗaya ya rage ban yanke ba, shi ne saitin da ke sa akwati ya fara naɗi sai in wani abu ya gitta. Na fi karkata ga jin motsi, ko da yake wani abokin aiki ya ce kyamara ba ta ji, gani take yi, don haka ganin motsi ya fi daidai. Ni dai a kunnena jin motsi ya fi zama Hausa, tunda haka muke cewa in mutum ya farka da dare. Masu wannan sana'a a Makka da Madina da Riyad, da 'yan'uwa na Sudan da ke tare da mu a nan, ku faɗa mana wanda kuke amfani da shi a bakin aiki.