Babban cocin Waliyyiya Agata na Kataniya: yaushe ya fi dacewa a je?

Ɗalibi a Roma: Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Ina nazarin gine-ginen salon Barok, wato salon Turai mai yawan ado na ƙarni na 17 da 18, kuma ina son zuwa Kataniya da ke tsibirin Sisili na ƙasar Italiya domin ganin babban cocin Waliyyiya Agata. Shin in daidaita tafiyar da bikinta?

Yayarku ta Sisili: Wa alaikumus salam, ƙanena. Idan ginin ne gabanka, kada ka zo tsakanin 3 da 5 ga Fabrairu. A kwanakin nan mabiya sanye da fararen riguna suke jan keken azurfar da ke ɗauke da ragowar gawarta da dogayen igiyoyi, titi ya cika maƙil, kakin kyandir ya mai da ƙasa santsi, ba za ka sami inda za ka tsaya ka yi zane ba.

Malamin tarihi: Hajiya ta faɗi gaskiya, amma ba na son a raina bikin, domin shi ne zai nuna maka matsayinta a zukatansu. An kashe ta a shekarar 251, zamanin Desiyus, sarkin Daular Roma, saboda ta ƙi barin addinin Kirista, kuma mutanen garin sun yi imani cewa mayafinta ya tsayar da wutar Etna, dutse mai aman wuta da ke kusa da garin, bayan shekara guda. Akwai ƙaramin biki ranar 17 ga Agusta, na tunawa da dawo da gawarta daga Kwanstantinoful (Istanbul ta yau) a 1126, wanda cinkosonsa bai kai na Fabrairu ba.

Mai zanen gini: Ni shawarata, kada fuskar ginin da mai zanen gini Vaccarini ya tsara a ƙarni na 18 ta ɗauke maka hankali gaba ɗaya. Ka zagaya baya, inda bangon Normawa (masu mulkin Sisili a wancan zamani) na baƙin dutse, tun ƙarni na 11, ya tsira daga girgizar ƙasar 1693 da ta rusa sauran. Daga nan ka tsallaka titi ka hau kubbar cocin Badia di Sant'Agata, ita ma aikin Vaccarini ce, za ka ga babban cocin daga sama, Etna kuma can nesa.

Ɗalibi a Roma: Na gode, Malam. A ciki fa?

Yayarku ta Sisili: Kabarin mawaƙi Bellini yana hannun dama idan ka shiga. Ka zo da sassafe, da sutura mai rufe kafaɗa da gwiwa, kuma ka guji lokacin da ake ibada.