Malaman Makarantar Lahadi, ya kuke yi zuciyarku ba ta bushewa lokacin Kirsimeti?

Malama daga Agege:
Salama 'yan'uwa. Shekara 9 ke nan ina koyar da ƙaramin aji, amma ranar Asabar wani abu ya faru da ya tsaya min a rai. Muna gwajin wasan haihuwar Yesu, na sha goslo tun daga Ikeja, ga zafi ga an ɗauke wuta, sai kawai na ji ni ina ta daka wa yara tsawa, mala'iku ku tsaya a layi, makiyaya ku rufe min baki. Da muka zo inda Luka 2 ya ce Yusufu da Maryamu ba su sami masauki ba, wata 'yar shekara 6 ta ɗaga hannu ta ce, Anti, to me ya sa ba su je ƙarƙashin gada sun kwana ba? Sauran suka kwashe da dariya, har na buɗe baki zan kwaɓe ta sai na ga idonta ya cika da ƙwalla. Ashe da gaske take, in sun bi ta Oshodi a danfo tana ganin masu kwana a gindin gada, ita a ranta Maryamu tana cikinsu. Jikina ya yi sanyi. Na karanta wurin nan ya fi a ƙirga har ya daina taɓa ni. Ku ya kuke yi?

Baban yara, Ojo:
Sannu Malama, ba ke kaɗai ba ce. Ni a bariki nake, da bulala nake shiga aji da, yara su yi tsit amma ba mai tambayata komai. Wata rana ina karanta Matiyu 18 na lura almajirai manya ne suke tambayar wane ne babba, Yesu kuwa yaro ya kira ya tsayar a tsakiyarsu. Tun daga nan na ajiye kujera, tabarma nake zama tare da su. Gwiwa na ciwo amma yanzu har rigata suke ja don su yi tambaya.

Maman 'yan biyu, Mile 12:
Yaranmu da aka haifa a Legas ba su san komin dabbobi irin wanda aka kwantar da Yesu a ciki ba fa, wasu ko Hausar sai an haɗa musu da burokin. Mu da muka tashi a Zonkwa da Biu mun kwana kusa da garke, su kuwa a kati suke ganinsa fes kamar gadon asibiti. Bara na roƙi wani mai raguna ya ara min kwamin da yake zuba musu dusa, ban wanke ba na kawo shi aji da harawa a ciki. Wani yaro ya toshe hanci ya ce, Mama a nan aka kwantar da shi? Na ce eh. Ya yi shiru can ya tuɓe sabuwar rigarsa ya shimfiɗa a ciki. Waje na fita na share hawaye.

Dattijo, Obalende:
'Ya'yana duk na ji, amma kar a sake da haddar aya. Zama kamar yaro daban, sakarci daban. Ayoyin da na haddace a ƙauye ina ɗan shekara 8 su suke riƙe da ni har yau.

Maman 'yan biyu:
Gaskiya ne Baba, ba mu bari ba. Ranar ma sun haddace Luka 2:7 ba wanda na matsa wa.

Ɗan kwaya, Apapa:
Ni yaro ne ya gyara min. Na ce masanan nan da suka zo ganin Yesu uku ne, ya ce Malam nuna min. Muka buɗe Matiyu 2 tare, kyautai ne uku, zinariya da lubban da mur, ba a faɗi yawan mutanen ba. Na ce masa ka fi ni gaskiya. Bana masana bakwai muka sa a wasan, duk yaran da kuɗin mota ya hana iyayensu tafiya gida kowa ya sami rawani.

Malama daga Agege:
Na gode ƙwarai. Yarinyar nan ita za ta fito a matsayin Maryamu a wasan, na riga na gaya wa uwarta. Maman 'yan biyu don Allah ki tambayar min mai ragunan ko zai ara mana kwamin ranar 24, zan turo ƙanena ya ɗauka.