Wai da gaske in bairos (ƙwayar cuta) ya rikiɗa injin gwajin PCR baya ganin shi?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Salam 'yan uwa. Jiya a majalisa muka yi ta musu har aka kira isha'i. Lokacin korona yayana ya kwanta, tari, zazzaɓi, ko ƙamshin turare baya ji, akai mishi gwaji aka ce babu, bayan kwana huɗu aka sake aka ce akwai. Wani abokinmu ya rantse wai cutar ce ta canza kama shi yasa injin ya kasa ganinta. Masu aikin lab don Allah mi ne gaskiyar magana?

Malam Na Lab:
Wslm. Abokin naka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba amma ina shakkar shi ne abinda ya samu yayanka. PCR, wato gwajin da ke gano ƙwayar cuta ta haruffan halittarta, ba duka ƙwayar yake karantawa ba, korona tana da haruffan halitta wajen dubu 30, mu kuma wani ɗan guntu muke sakawa da ake cewa firaima, haruffa kamar 20 kacal, ya je ya manne a gurbinsa sannan injin yai ta kwafi har haske ya fito. To in rikiɗar ta faɗa daidai gurbin nan, musamman bakin ƙarshe inda kwafin ke farawa, mannewar sai tai rauni ko ta ƙi sam. In kuwa can wani wuri ta faɗa, ko a jikin gwajin.

Shi yasa ba a dogara da alama ɗaya, kamar cigiyar yaro ne a kasuwa, a ce mai jar hula, da tabo a goshi, da wushirya, ko ya yar da hular ai tabon na nan. Haka akai da korona nau'in Alfa a Ingila ƙarshen 2020, ya zubar da gurbi na 69 da 70 a ƙayar jikinsa, gwajin TaqPath mai duba wuri uku sai ɗaya ya mutu biyu suka kama. Abin ma sai ya zama alheri, da shi aka riƙa shaida nau'in Omikron da ya ɓullo Nuwamba 2021 tun kafin a karanta ƙwayar duka.

Maman Hanan Daura:
Malam ka manta Lassa, ita ce tamu ai. Zuriyarta da ke arewacin Najeriya daban da ta kudu, daban da ta Saliyo, kit ɗin (kayan gwajin) da ya kama wata yana iya sakin wata, shi yasa ake son duba wuri biyu a jikinta ba ɗaya ba. Amma maganar yayan nan naka ni dai na fi zargin ɗaukar samfur. Na ga masu sa audugar nan bakin hanci kawai su zare don mutum ya yamutsa fuska, ga zafin garin nan, samfur ya kwana a mota ƙanƙara ta narke, mi kake son injin ya gani?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Wallahi Hajiya kamar kina wurin, ko atishawa bai yi ba a na farkon, na biyun kuwa sai da yai hawaye.

Malam Na Lab:
To ka gani. Kuma a kwana huɗu cikin mutum ɗaya da wuya ta rikiɗa har ta ɓace wa wuri uku sannan ta dawo, yawanta ne dai ya ƙaru a maƙogwaro. Kit iri ɗaya akai amfani da shi duka biyun? In ka samu takardun turo hotonsu, ka rufe sunan.