Zanzibar ko Maldives: ina ya fi dacewa da wanda bai taɓa nutso ba?

Baban Ilham:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar nutso a teku, irin wanda ake goya tukunyar iska a baya a sauka ƙasa. An ba ni hutu a watan Afrilu, ni da uwargida muna son mu je wani tsibiri mu koya, mu samu katin shaida, mu ga murjani da kunkurun teku da idonmu. Hankalinmu ya rabu tsakanin Zanzibar da Maldives. Ni na iya iyo daidai gwargwado, amma a kwamin wanka kawai. Ita kuwa idan ruwa ya wuce ƙirjinta sai ta fara salati, duk da haka ita ce ta fi ni zumuɗi.

Hutun bai fi mako guda da 'yan kwanaki ba. Zai isa mu koya har mu yi yawo a ƙarƙashin ruwa? Kaya fa, sai mun saya ko ana ba da haya? Jirgin dawowarmu na dare ne, don haka na tsara mu yi nutso na ƙarshe da safiyar ranar, kada yinin ya tafi a banza. Wani abu kuma, uwargida AS ce, ko wannan zai hana? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Mainutso:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin maganar tsibiri, soke nutson safiyar ranar dawowa tun yanzu. Duk sauran tsarinka ana iya gyarawa a hanya, wannan kuwa shi ke kai mutum asibiti.

Ga dalili. Kowace mita 10 da ka sauka, nauyin da ke danne jikinka yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar da muke ciki a doron ƙasa. A ƙarƙashin wannan matsin, nitirojin ɗin da ke cikin iskar da kake shaƙa yana narkewa cikin jini da tsoka, kuma ba ya fita lokaci guda idan ka hau, sai a hankali cikin sa'o'i. Matsin iskar cikin jirgin sama bai kai na ƙasa ba, to idan ka shiga da ragowar nitirojin a jiki sai ya tashi ya yi kumfa, kamar an buɗe kwalbar lemon da aka girgiza. Kumfar nan kan tsaya a gaɓoɓi, wani lokaci a lakar baya. Ƙungiyar DAN, masu kula da lafiyar masu nutso, sun ce a jira aƙalla sa'a 12 bayan nutso guda, sa'a 18 idan an jera nutso ko an yi kwanaki ana yi. Ni dai cikakken yini da dare nake bari, sa'a 24, in yi barcina a bakin teku.

Lokaci kuwa zai isa. Kwas ɗin farko, wanda PADI, ƙungiyar da ke ba da katin shaidar nutso, ke kira Open Water, kwana uku zuwa huɗu yake ɗauka: karatu, darasi biyar a ruwa maras zurfi, sannan nutso huɗu a teku. Katin zai ba ka damar sauka har mita 18. SSI, wata ƙungiyar irinta, ma suna da irinsa, kuma ana karɓar katin kowannensu a ko'ina, kada ka ɓata lokaci kan wanne ya fi. Malamin da zai koya maka shi ne abin dubawa. Ku yi karatun ta intanet tun kuna gida, don abin takaici ne mutum ya je tsibiri ya zauna a ɗaki yana amsa tambayoyin jarrabawa.

Sai dai akwai gwajin da ba a tsallakewa: iyo na mita 200 ba tsayawa, ba a ƙayyade lokaci ba, da kuma zama a saman ruwa minti 10 ba tare da riƙe komai ba. Uwargida ta fara koyon iyo daga wannan makon.

Zanzibar a Afrilu kuwa, ban ba ka shawara ba. Lokacin babbar daminarsu ne, wadda suke kira masika, daga wajen ƙarshen Maris zuwa Mayu. Ruwan teku kan gurɓace, wasu otal-otal ma rufewa suke yi. Maldives a Afrilu tana ƙarshen rani, ruwa garau, teku kwance. Tsakanin biyun da ka ambata, a wannan watan, Maldives.

Ummu Sultana:

Baban Ilham, ka isar wa 'yar'uwata da wannan. Ni ma da girmana na koyi iyo, kuma abin da ya fi ba ni wuya a kwas ɗin ba zurfi ba ne. Darasin cire gilashin fuska ne a cikin ruwa, a mayar, a hura ta hanci a fitar da ruwan da ya shiga. Da ruwa ya taɓa hanci sai zuciya ta ce ki harba sama, alhali babbar dokar nutso ita ce kada ki riƙe numfashi, kada ki hau da gudu, don iskar da ke huhu tana kumbura yayin hawa. Ta saba da sa fuska a ruwa tana numfashi ta baki tun a kwamin wanka.

Kuma don Allah kada ka matsa mata. Idan Afrilu ya zo ba ta kai ga mita 200 ɗin ba, akwai nutson ɗanɗano na yini guda, malami na gefenta, ba a wuce mita 12. Akwai kuma iyo a saman ruwa da bututun numfashi, wanda mutane ke rainawa. Ai launin murjani ya fi fitowa a sama-sama, don ja shi ne launin da ke fara ɓacewa da an ɗan sauka. A Hanifaru ta Maldives, inda manyan kifayen manta ke taruwa, an ma hana shiga da tukunya, kowa a sama yake kallo. Lokacinsu dai ba Afrilu ba ne, sai tsakiyar shekara zuwa Nuwamba.

Kaya: gilashin fuska kaɗai za ku saya, wanda ya zauna wa kowa daidai. A ɗora a fuska ba tare da madauri ba, a ja numfashi ta hanci, idan ya manne to ya yi. Sauran duk haya.

Ɗan Yawo:

Ina girmama Yaya Tsohon Mainutso, amma ni ban cika son Maldives ga sabon shiga ba. Wuraren da suka yi mata suna mashigai ne tsakanin tsibirai, inda ruwa ke ja da ƙarfi, kuma ba za a kai mai katin jiya can ba. Me zai hana ku duba tsibirin Bali na Indonesiya? A Tulamben akwai jirgin ruwan sojan Amurka, USAT Liberty, wanda Japanawa suka harba a 1942 aka jawo shi gaɓa, sai girgizar aman wutar dutsen Agung a 1963 ta tura shi cikin ruwa. Tsawonsa wajen mita 120, samansa bai fi mita 5 daga saman ruwa ba, kuma da ƙafa ake shiga daga gaɓa, ba ruwanka da kwale-kwale balle amai. Gaɓar dai duwatsu ce, tafiya da tukunya a baya sai an yi a hankali. Koh Tao ta Tailan ma tana kwance a Afrilu, sai dai cunkoson ɗalibai.

Duk inda kuka zaɓa, ku tambayi makarantar ɗalibai nawa malami guda ke riƙewa, kuma ko akwai oksijin na gaggawa a jirginsu. Na taɓa shiga wani shago a wani tsibiri aka miƙo mini bututu yana tsiyayar iska, yaron ya ce ba komai, haka yake. Ajiye musu na yi na fita.

Dakta H.:

A kan tambayar AS: mai SS ba a ba shi izinin nutso. AS ba ɗaya ba ne da SS, amma kada ku yanke hukunci da kanku, ta ga likita ya sa hannu a takardar lafiyar da makarantar za ta ba ku, tun kafin ku biya kuɗin jirgi. Takardar tana tambaya kan asma, hawan jini, ciwon zuciya, farfaɗiya da matsalar kunne, a faɗi gaskiya. Mai juna biyu ba ta nutso. Mai mura ma ya haƙura, don kunne ba zai daidaita da matsin ruwa ba, kuma dodon kunne na iya fashewa.

Idan za ku sha maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ku gaya wa likita za ku yi nutso. Wani daga cikinsu, mefloquine, kan kawo jiri, a kasa bambance shi da ciwon kumfar da aka bayyana a sama. Ku karanta inshorar tafiyarku da kyau, da yawa ba sa biyan jinyar nutso, kuma ku san inda ɗakin matsin iska mafi kusa yake, wato inda ake jinyar ciwon kumfar. Idan Bali kuka je, hawan dutse bayan nutso hukuncinsa ɗaya da hawa jirgi. Masu zuwa kallon fitowar rana a kan dutsen Batur su yi shi kafin kwas, ko bayan cikakken yini.

Baban Ilham:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na soke nutson ranar dawowa, uwargida ta yi rajistar koyon iyo, za mu ga likita mako mai zuwa. Ita Maldives take so, ni kuma jirgin Tulamben ya shiga raina, ana nan ana tattaunawa. Saura guda: ba na gani sosai sai da tabarau.

Ummu Sultana:

Ana yin gilashin nutso mai lambar ido, ka kai takardar awon idonka wurin masu sayarwa tun da wuri, don ba kasafai ake samunsa a haya ba. Ruwa ma yana ƙara wa abu girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, idan lambarka ƙarama ce wataƙila ba ka buƙata. Batun tsibiri kuma, Malam, ka bi zaɓin wadda za ta koyi iyo saboda tafiyar.