Wace kalma za mu ba "compromise"? Ni dai na tsaya kan rangwamen juna

Jama'a, ina neman shawararku kan wata kalmar Turanci da ta daɗe tana wahalar da masu fassara labaran siyasa, wato compromise. Abin da ake nufi shi ne ɓangarori masu jayayya su zauna, kowa ya saki wani abu daga cikin buƙatarsa, don a samu a wuce wurin.

Yawancinmu sulhu muke cewa. To amma sulhu sai an ɓata ake yinsa, kuma zumunci yake gyarawa. 'Yan majalisar da ke ja-in-ja kan kasafin kuɗi ba gaba suke yi ba, aikinsu ke nan. Yarjejeniya kuwa sunan abin da aka sa wa hannu ne, ba ta nuna cewa wani ya haƙura da komai.

Masalaha ta fi kusa, kuma na so a ce ita ce. Sai dai 'yan siyasarmu sun ɓata mata suna. In ka ji an ce ɗan takarar masalaha, sau da yawa manya ne suka kulle ɗaki suka ce wane da wane su janye. Har sai da Dokar Zaɓe ta Najeriya ta 2022 ta sharɗanta cewa duk masu neman takarar su amince a rubuce. Kalmar da ake fakewa da ita a yi ɗauki-ɗora ba za ta ɗauki wannan nauyin ba.

Sai na koma kasuwa. Mai kaya ya sa suna, mai saye ya taya, a ce albarka, a ja a ja, wannan ya rage wancan ya ƙara, har a sallama. Haka aka yi da mafi ƙarancin albashi a Najeriya a 2024. Ƙungiyoyin ƙwadago sun sauko zuwa naira 250,000, gwamnati ta hau zuwa 62,000, a watan Yuli aka tsaya kan 70,000. Ma'aikata ne suka fi yin asara, babu musu, amma sun samu a riƙa sake duba albashin duk shekara 3 maimakon 5. Wannan shi nake kira rangwamen juna.

Abin da ya fi jan hankalina ga rangwame shi ne kowane Bahaushe ya san iyakarsa tun kafin a faɗa masa. Ɗan kasuwa daga riba yake ragewa, ba ya taɓa uwar kuɗi. Dillali kuma ba ya rangwame a kan kayan da ba nasa ba sai da yawun mai shi.

Ku gwada wannan ma'aunin a kan taron tsara kundin mulkin Amurka a Filadelfiya, shekarar 1787. Manyan jihohi suna son kujeru gwargwadon yawan jama'a, ƙanana suna son a yi daidai wa daida. Aka raba majalisa gida 2: ta wakilai bisa yawan mutane, ta dattawa kowace jiha sanata 2. Kowa daga aljihunsa ya rage, kuma tsarin yana nan har yau. A zaman nan dai kuma aka amince cewa wajen rabon kujeru, kowane bayi 5 a ƙidaya su a matsayin mutum 3. Bayin ba su cikin ɗakin, ba su da ƙuri'a, kujerun da aka samu da kawunansu jihohin iyayengijinsu suka ƙara wa ƙarfi. Bature duka biyun suna ɗaya ya ba su, wato compromise. Da Hausa bakina ba zai iya kiran na biyun rangwame ba, domin da mutuncin wasu aka yi cinikin. Sunansa cin amana.

'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci sun san wannan rarrabewar, don can akwai compromis, akwai kuma compromission, wadda ke nufin sayar da kai.

Inda nake da sauran shakka shi ne wajen aikatau. "Gwamnati da ƙwadago sun yi wa juna rangwame" ya zauna daram. Amma in mutum ɗaya ake magana, a ce shugaba ya ƙi yin rangwame, ko ya ƙi sassautawa? Malaman Hausa da ma'aikatan rediyo, wanne kunnen mai sauraro zai fi kamawa?