Shawarwari kan haɗa intanet a sabon gida

A wata tattaunawa kan yadda za a haɗa intanet bayan ƙaura zuwa sabon gida, mahalarta sun haɗu a kan cewa kada mai ƙaura ya biya kuɗin kowane kamfani sai ya je sabon gidan da wayarsa ya gwada ƙarfin sabis a cikin ɗakuna, musamman da daddare lokacin da jama'a suka fi yawa a kan layi. Layin MTN ko Airtel da ke gudu a tsohuwar unguwa yana iya yin rauni a sabuwa, saboda nisan turken sadarwa ko kaurin bango, kuma maƙwabta sun fi tallar kamfani faɗin gaskiya a nan.

An fi daɗewa a kan intanet na waya mai shiga ƙasa, wato faiba. Ya fi tsayuwa da sauri, amma ba kowace unguwa ya kai ba, kuma ɗan haya sai ya nemi izinin mai gida kafin a huda bango. Wasu sun ba da shawarar a sanar da kamfani makonni kafin tashi, domin masu haɗawa ba sa zuwa a ranar da aka kira su.

Starlink, intanet na tauraron ɗan adam wanda ya fara aiki a Najeriya a 2023, yana amfani inda sauran suka gaza, sai dai kayansa na da tsada, kuma farantinsa na buƙatar sararin da bishiya ba ta tare ba. Ko wanne aka zaɓa, a tanadar wa rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a cikin gida, ƙaramin batir ko sola, tunda da an ɗauke wuta ita ma ta mutu.