Ajiye yara a laburare: shawarwarin da suka fito a majalisarmu

Lokacin da korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, wasu iyaye a garinmu suka mayar da ɗan laburarenmu gidan reno. A sauke yaro da hantsi, a wuce gona, ko kasuwar Maigatari in ranar Alhamis ce. Kan haka muka zauna bayan la'asar.

Bakin kowa ya zo ɗaya: mai kula da laburare littattafai aka ba shi amana, ba 'ya'yan mutane ba. Yaron da bai iya faɗin sunan mahaifinsa da unguwarsu ba, kada a bar shi sai da yayansa. Wani dattijo ya ce maƙwabta su riƙa karɓa-karɓa, yau wannan gida ya raka yaran, gobe wancan. Ni wannan ta fi kwanta mini, don ba ta cin ko sisi.

Aka kuma ce, saboda korona, mai tari ko zazzaɓi ya zauna gida. A ajiye buta da sabulu a ƙofa. Takunkumi kuwa an sha gardama, har aka kira magariba ba a tsayar da magana ba.